Jarkar Man da Na Bayar

Kafanchan,
Alhamis, tsakiyar watan Agusta.

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a tafiyar da ka sa a gaba. Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Sau biyu a makon nan na kira ka don in yi magana, sau biyun na ɓige da tambayarka labarin ruwan sama. Hannuna ya fi bakina ƙarfin hali.

A watan nan nake cika shekara ashirin da biyar rabona da zauren yayana Sani. Ka tashi ka tarar da abin a haka, kamar yadda ka tarar da dutsen Kagoro, ba ka taɓa tambayar wanda ya ajiye shi ba. Ka san abin da nake faɗa: ya binne mahaifinmu bai jira ni ba. Na faɗa a gida, na faɗa a majalisa, na faɗa wa duk dattijon da ya zo sulhu har suka gaji suka daina zuwa. Na hana ku gaishe shi ko ranar Sallah. Har yau in na rufe ido ina ganinsa zaune a tabarma, jar ƙasa ta bushe a gwiwar wandonsa. Ɗacin da nake ji na gaske ne. Abin da na ɗora shi a kai ne ba gaskiya ba.

Hotunan da ka nuna mini a wayarka su suka tono maganar. Ka ce aikin binciken ruwa da ka samu zai riƙa kwanar da kai a daji, an ba ku zaɓin tirelar kwana da za ku riƙa ja da mota, kana tsakanin wata babba da wata ƙarama. Na ga yadda yatsanka ya daɗe a kan babbar, mai taga uku da wurin wanka. Na ce maka, "Ka yi tunani," na tashi na bar wurin. Ba alwala na tafi yi ba. Bayan gida na zagaya na tsaya ina kallon tawa tirelar, wadda ka yi wasa a cikinta kana yaro, wadda kajin mahaifiyarka ke ƙwai a kan gadonta yau.

Na yi karatu, wannan ka sani. A ajinmu na koyon aikin safiyo, wato awon ƙasa, ba wanda ya kama ƙafata a lissafi. Na yi shekaru ina aikin gwamnati, ina koya wa yara riƙe sarƙar awo, ina kallo ana ɗaga su a bisa kaina ɗaya bayan ɗaya, har zuciya ta ɗebe ni na ajiye na koma zaman kaina. Takardun shaidar suna cikin akwatin ƙarfe, gara ta ci gefen biyu, kuma ban ga abin da ta rage musu ba. Karatun bai cuce ni ba. Abin da ya cuce ni shi ne na fito da imanin cewa duk abin da na rubuta da hannuna ya fi abin da wani ya gani da idonsa.

Lokacin da wani kamfanin gina hanya ya gama aikinsa ya yi gwanjon kayansa, na je da Bitrus, makanikena. Ba ka san shi sosai ba, ya rasu kana makaranta. Gajere ne, mutumin wajen Zangon Kataf, bai wuce firamare ba, amma in ya kara kunne a jikin inji sai ya gaya maka abin da zai lalace wata mai zuwa. Tirela biyu muka tarar. Ɗaya ƙarama ce mai rufin tamfol, cikinta a ɗage daga ƙasa, tayoyinta irin na jif ɗina sak. Ɗayar fara ce ƙal, doguwa, da gado da kabad da murhu da tankin ruwa.

Bitrus ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kowacce, ya miƙe yana kaɗe hannu.

"Oga, ɗauki ƙaramin."

"Saboda me?"

"Babban nan na kwalta ne. Dubi cikinsa a ƙasa kamar agwagwa. Motarka zai ja shi, ban ce ba zai ja ba. Amma zai yi ta kuka. Kuma mota in yana kuka, mai ne hawayensa."

Na ciro littafin motar na nuna masa shafin da aka rubuta nauyin da za ta iya ja. Ya duba kamar mai karantawa, ya mayar mini.

"Wanda ya rubuta wannan, ya taɓa hawa tudu a laka?"

Na yi dariya, na ce masa ya tsaya a kan sifana ya bar mini lissafi. Na ɗauki farar. Ba don gado ba, ba don murhu ba. So nake mutanen Kafanchan su gani, musamman waɗanda aka ɗaga a kaina. Ranar da na kawo ta sai da na bi ta bakin kasuwa sau biyu. Yaya Sani na ganinta ya ce, "A'a, Safiyo, ina ka samo akurkin Bature?" Sunan ya bi ta har yau, kuma kaji sun tabbatar da shi.

Baba, wanda ka ci sunansa, ya fito da sandarsa ya zagaya ta. Tsohon falke ne, ya yi fataucin citta da jakuna tun kafin manyan motoci su shiga ƙauyuka. Ya ƙwanƙwasa jikinta ya ce, "Me take ci?"

Na ce, "Ba ta cin komai, Baba. Ja kawai ake yi."

Ya ce, "Duk abin da ake ja yana ci. Sai dai ya ci ta bakin wani."

Na ɗauka maganar tsufa ce.

To ga nasihata ta farko, ka karɓe ta daga wanda ya ƙi ta. Kada ka zaɓi tirela daga ciki, ka zaɓe ta daga ƙasa. Kafin ka buɗe ƙofa ka ga labule, kwanta ka ga nisan cikinta da ƙasa, ka ga ƙarfin ƙarfen da ke riƙe tayoyin, ka ga ko tana da birkin kanta. Ka nemi wadda tayoyinta suka yi daidai da na motarka, don tayar ajiya ɗaya ta ishe ku biyu. Ka nemi wadda ba ta fi motar tsawo da faɗi ba, domin duk abin da ya leƙo sama da rufin mota iska yake tarewa, kuma iskar ma da mai ake ture ta. Nauyin da mai sayarwa zai gaya maka na tirela ce wayam. Ba wanda ke tafiya da ita wayam. Ka ɗora ruwa, ka ɗora tukunyar gas, ka ɗora kayan aikinka da abincinka, sannan ka tambayi kanka ko motar za ta ja wannan a tudu ba tare da ta yi kuka ba. In kuwa akwai makanike a wurin da ya ce ka ɗauki ƙaramar, ka ɗauki ƙaramar, ko da bai iya rubuta sunansa ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko kama da hankali, shi ya sa ya fi shi muni. Na auna shan man motar, ban ƙi ba. Amma sau ɗaya na auna, da rani, a kan kwalta, tirelar ba komai a cikinta. Na cika tanki, na je Zangon Kataf na dawo, na sake cikawa, na raba, na rubuta amsar a bangon littafin aikina na ja layi biyu a ƙarƙashi. Daga ranar ban sake tambayar motar ba, littafin nake tambaya. Sau da yawa allurar mai tana sauka da wuri fiye da yadda na rubuta, sai in ce allurar ce ta tsufa. Ka ji irin mutumin da ya haife ka.

Kai ka auna da kaya cike, a hanyar burji, da damina, a inda akwai hawa. Ka auna sau uku, ka riƙe mafi munin amsar. Ka sani cewa ƙaramar giya, wadda ke sa ƙafa huɗu su ja tare, tana shan mai kamar rami. Yashi yana sha, laka tana sha, taya mai ƙarancin iska tana sha, gudu yana sha fiye da yadda kake zato in akwai abu a bayanka. Ni na ga ranar da man da ya saba kai ni gari ya kasa kai ni rabin hanya. In za ka shiga daji ka raba manka uku: kashi ɗaya na zuwa, kashi ɗaya na dawowa, kashi na uku ba naka ba ne, na ranar da ba ka sani ba ne. Ba a taɓa shi, ba a ranta shi, ba a yin kyauta da shi.

Wannan ta ƙarshen ita ce maganar da na zauna rubutawa.

A daminar shekarar da aka haife ka, mahaifiyarka tana da cikinka wata bakwai, aka kira ni wani ƙauye can bayan Kagarko in fitar musu da filin makaranta da na ɗakin shan magani. Manoma ne, Kiristoci, mutanen kirki. Na bar Baba yana ɗan tari, ba abin da zai tayar da hankali. Na yi kwana tara a can. Sun riƙe ni kamar ɗan gida. Dagacinsu, Baba Ayuba, kullum da safe sai ya zo ya zauna a bakin tirelar yana shafa jikinta yana cewa, "Gida mai ƙafa." Ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Ana gobe zan gama, ya zo ya ce injin niƙan garin ya tsaya kwana huɗu babu mai, mata sun koma dutse, ga bikin godiya a coci ranar Lahadi. Lokacin wahalar mai ake yi, gidajen mai a rufe, sai a hannun 'yan bumburutu. Bai roƙe ni ba, labari kawai ya ba ni. Ina da jarka ɗaya cike a ɗaure a bayan jif, ita ce ta ajiya. Na buɗe littafina a gabansa, na duba nisan hanya, na duba lambar da na ja wa layi biyu, na ga abin da ke tanki zai kai ni Kafanchan har ya yi saura. Na sa aka kwance jarkar aka kai masa, da man da jarkar duka. Mata suka zo suna guɗa. Baba Ayuba ya kama hannuna biyu ya ce Ubangiji zai saka mini.

Kada ka ce ai sadaka na yi. Na daɗe ina lulluɓa da wannan mayafin. Da tausayi ne da na ba su rabi na riƙe rabi. Guɗar nake so.

Ka san mutanenmu na nan, ba a ba su su ƙi ramawa. Da yamma kaya suka fara zuwa. Sabuwar doya, gida gida. Buhun masara biyu, buhun gawayi uku, busasshiyar citta, zuma a galan, har da ɗan akuya. Ba a mayar da hannun kyauta baya, kuma ba a shiga gida daga tafiya babu tsaraba. Na sa aka loda komai a tirelar, kan gado, ƙarƙashin gado, cikin kabad. Tankin ruwan ma sai da aka cika mini shi daga rafi don ladabi. Sifirin ƙafar tirelar ya kwanta, gindin jif ya sunkuya. Na gani da idona. Ban koma na gyara lissafin ba, domin lissafin ya riga ya sha layi biyu.

Washegari da hantsi ina naɗe sarƙa sai na ji ƙarar babur. Bitrus ne, jikinsa duk laka har wuya. Lokacin waya ba ta shigo ƙauye ba. Ya sauka ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi mini ba.

"Oga, sai haƙuri. Baba ya tafi da asuba."

Na zauna a kan matakin tirelar. Ya bari na gama salati, sannan ya ce Yaya Sani ne ya aiko shi, sun ce za su jira ni har azahar.

"Hau mu tafi. Babur zai bi ta yanke, kafin azahar muna gida. Bar mota, mutanen nan za su duba maka."

Baba Ayuba ya ce, "Gaskiya ne, ɗana. Ko allura ba zai ɓata ba."

Babana, da na hau babur ɗin nan da ba ka karanta wannan takarda ba. Amma na dubi kujerar bayansa da ta yage, na dubi lakar jikinsa, na hango ƙofar gidanmu cike da manyan gari, na ga kaina ina sauka a bayan makanike kamar buhun gero. Na ce na'urar awona tana da tsada, ba zan bar ta ba. Bitrus ya ce to in sa na'urar a jif in kwance tirelar. Na ce kwancewa za ta ɓata lokaci. Aikin minti biyar ne, ni da shi mun sani. Na ce masa ya yi gaba ya gaya musu ina tafe, kada kowa ya taɓa makara sai na iso.

Ya dubi bayan jif inda jarka take zama, ya ga igiya kawai tana lilo.

"Ina jarka, Oga?"

"Na yi lissafi, Bitrus."

Ya tayar da babur ya tafi.

In ranar gaggawa ta zo maka, Allah Ya sa kada ta zo, ka tuna an yi ƙugiyar tirela ne don a iya kwance ta. Ka koyi kwance ta kai kaɗai tun kafin ka bar gari. Kuma duk abin hawan da zai kai ka da wuri shi ne abin hawanka, ko babur ne, ko bayan akori-kura ce tare da awaki. Ba wanda ke tuna a kan me mutum ya zo jana'iza. Wanda bai zo ba ake tunawa.

An kwana ana ruwa. Ban yi nisa da ƙauyen ba na faɗa laka a wani kwari. Jif ita kaɗai da ta wuce, ta sha wuce irinsa. Amma cikin tirelar ya zauna daram a ƙasa, yadda Bitrus ya faɗa ranar gwanjo. Na sa ƙaramar giya na yi ta taka totur, tayoyi na juyawa a wuri ɗaya, inji na ihu, hayaƙi na tashi. Wasu manoma suka bar gonarsu suka zo. Babbansu ya ce, "Malam, cire wannan gidan ka wuce, in ka dawo ka same shi." Na ce su tura kawai. Suka sare rassa suka shimfiɗa, suka tura har muka fita. Fiye da awa guda na yi a wurin, kuma duk tsawon lokacin ban kashe inji ba.

Da na hau kwalta a Kagarko allurar mai ta riga ta faɗi ƙasa da inda ya kamata. A bakin hanya ga 'yan bumburutu da galan-galan jere. Na rage gudu, har ɗaya ya taso. Sai na tuna ni ne mai cewa a majalisa mai ilimi ba ya zuba man kwalba a motarsa. Na ce allurar ce ke ƙarya saboda gangara. Na wuce. Don in rama lokacin da laka ta ci, na taka mota iyakar ƙarfinta, da gida guda da doyar gari guda a bayana.

A wani dogon hawa kafin Kwoi ta yi tari sau biyu ta mutu. Na san abin da ya faru tun kafin in buɗe gaban motar, amma sai da na buɗe, na tattaɓa wayoyi, don ko ni kaɗai ban iya yarda ba. Ba gida kusa. Motocin haya ba sa yawa saboda wahalar mai, biyun da suka wuce a cike suke har kan but. Ko abin da zan ɗebo mai a ciki ba ni da shi. Na juye zumar mutane a cikin ciyawa na ɗauki galan ɗin, na kama tafiya a ƙasa neman mai. Ɗan akuyan yana ta kuka a bayana. Ina tafe na ji kiran azahar daga wata ruga, ina dawowa da galan a kafaɗa inuwa ta riga ta miƙe.

Ana shirin magariba na shigo unguwa, da tirelata fara, kamar yadda na so a gan ni. An gan ni kuwa. Duk waɗanda ke zaune a tabarmi suka juyo.

Yaya Sani ya taso ya tarye ni. Ya ce, "Sannu, Safiyo. Mun jira ka. Azahar ta wuce muka ƙara har la'asar. Hadari ya haɗo, ruwa ya fara taruwa a kabarin, liman ya ce haƙƙin mamaci ya fi naka da nawa."

A nan ya kamata in faɗi a gabansa in yi kuka. Maimakon haka na ji bakina yana cewa gurɓataccen mai aka sayar mini a hanya, an haɗa shi da kananzir, shi ya kashe mini inji. Na ɗora wa bayin Allah laifin man da na ƙi saye a hannunsu a Kagarko. Mutane suka yi ta Allah wadai da 'yan bumburutu. Da na ga ƙaryar ta zauna sai na ƙara mata gini. Na ɗaga murya a gaban baƙi na ce, "Awa biyu ta gagare ka? Da ma ka daɗe kana so a ce kai kaɗai ne ɗansa." Ya dube ni, ya koma ya zauna. A lokacin na ga jar ƙasar a gwiwarsa. Shi ya shiga kabarin ya karɓi Baba.

Bayan addu'ar uku na kai wa Bitrus motar, wai ya wanke mata tanki, don ƙaryar ta samu shaida. Ya kwance, ya ɗiga abin da ya rage a tafin hannunsa, ya shinshina. Ya sallami mutanen garejin, ya rage murya.

"Oga, man nan ba shi da laifi. Babu shi ne kawai."

Na ce, "Ka wanke tankin."

Ya ce, "Zan wanke."

Ya wanke. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Shekara da shekaru yana gyara mini mota, bai taɓa yi mini kallon da zai tuna mini ba. Ni kuwa na riƙa jin nauyinsa har na fara kai motar wani gareji. Haka nake saka wa mutane.

Wata biyu bayan haka aka haife ka. Yaya Sani ya aiko da rago, na mayar masa. Na sa maka sunan Baba, ina kiranka Babana safe da yamma, kuma kowane kira yana tuna mini da wanda ban raka ba. Na gane tun a shekarar farko cewa in na daina fushi da yayana dole in fara fushi da kaina, sai na zaɓi wanda ya fi sauƙi. Ƙarya ma tirela ce, ɗana. Ranar da ka ɗaura ta ba ta da nauyi. Mahaifiyarka ba ta sani ba, ko kuma ta sani ta yi shiru irin na Bitrus, ban taɓa samun ƙarfin tambayarta ba.

In ka yi kuskure a wurin aikinka, ka haƙa inda ba ruwa, ko ka tsaya a daji don ka ƙi jin magana, ka faɗa a ranar, da bakinka, kafin wani ya tambaye ka. Kunyar yini ɗaya ce. Ni na guje mata, ga shi na biya ta da rabin rayuwa.

Saura abu biyu. In mutanen ƙauye suka yi maka kyauta, za su yi kuwa, kada ka ƙi, amma kada ka loda duka. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ɗauki kaɗan, sauran ka ce a ajiye maka ko a kai wa tsofaffin garin da sunanka. Ba za su ji haushi ba, su ma sun san hanya. In kuma suka nemi mai, ka ba su daga abin da ya yi saura ranar da ka dawo, ba ranar da za ka tafi ba.

Na biyun roƙo ne, ba umarni ba, don na zubar da ikon yi maka umarni a wannan maganar. Na ji an ce idon baffanka ya tafi gaba ɗaya, sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. Kafin ka bar gari ranar Litinin, ka je ka gaishe shi. Ka durƙusa ka ce masa kai ne mai sunan Baba. Ka karanta masa takardar nan tun daga kwanan wata, kada ka tsallake komai don ka rufa mini asiri. In ya ce in zo, ka dawo ka riƙe hannuna mu tafi a ƙasa. Layi huɗu ne tsakaninmu, tafiyar da ba ta cin ko cokali ɗaya na mai. In kuma ya yi shiru, kada ka matsa masa. Ya jira ni sau ɗaya, ba dole ne ya sake ba.

Ka ɗauki ƙaramar tirelar.

Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya da na dare da na mutum, Ya tsare ka daga irin kan ubanka. Ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya, Ya ba ka kunnen jin ta. Ya sa albarka a duk rijiyar da za ka nuna. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Mahaifiyarka ta soya maka dambun nama, yana cikin jakar da ke bakin ƙofa. Ka riƙa kiranta ko ba ka kira ni ba.

Ka yafe mini baffan da na hana ka.

An yi wa kakanka wanka da hantsi, an sallace shi bayan la'asar, an rufe shi kafin ruwa ya sauko. Ban wanke shi ba, ban sallace shi ba, ban ɗauki makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ko tafi ɗaya ba. Ina kan hanyar Kwoi da galan a kafaɗa.

Ni ne mahaifinka,
Garba Safiyo.